Rabin Kafaɗa a Shafi na Huɗu

Katin ba na takarda ba ne.
Lamba goma sha biyu ce ta faɗo mini a salula
ranar Lahadi, ina tsakiyar awon albasa a kasuwar Tawa.
Saƙon ya ce: ƙofa a buɗe take, shiga.
Na duba dama da hagu, ban ga ƙofa ba,
sai Illa mai baro yana neman canjin dala ashirin.

Da dare na hau bisa soro,
inda rezo ke sauka kamar baƙo mai kunya,
na shiga ɗakin karatu na Yamai ban biya kuɗin mota ba.
Ba mai gadi, ba mai cewa dawo gobe.
Jaridu na kwance bisa juna, shekara kan shekara,
sun yi ja kamar haƙoran mai goro.

Kakana Nomau ya rasu da magana guda a baki:
"Ni fa na shiga jarida."
Mu jikoki mu kwashe da dariya,
mu ce tsoho, ko dai ƙosai aka ƙunsa maka a ciki?
Sai ya kaɗa kai, ya ci gaba da gyaran gugansa.

Na rubuta sunansa. Babu.
Na tuna ma'aikatan biro na wancan zamani,
kunnensu daban, alƙalaminsu daban.
Na sa Nomao, na sa Nomaou,
na ƙara wasali, na rage wasali,
kamar mai gwada makullai a ƙofar da ba tasa ba.
Na'ura ta ce babu, ta sake cewa babu,
ko kunyar tsoho ba ta ji.

Sai na bar suna, na bi sawun shekara.
Farashin gyaɗa. Tallar keke mai fitila.
Wani ya yar da takardar haihuwa, yana cigiya,
ban san ko ya samu ba.
Sunayen yaran da suka ci jarrabawa,
yanzu duk sun yi furfura, ko sun riga mu.
Dare uku ina tafe da yatsa,
kuɗin waya ya lashe ribar buhu guda.

Shafi na huɗu, can ƙasa, hoto:
ana buɗe rijiyar siminti a ƙauyenmu.
Babban baƙo da tabarau, almakashi a hannu,
sunansa da muƙamansa sun ci layi biyu.
A gefen dama, inda mai hoto ya yanke duniya,
rabin kafaɗa,
da hannu riƙe da igiya.
Yatsu huɗu.
Na biyar ɗin rijiyar ta karɓe shi tun tana gaba shida.
Ƙarƙashi an rubuta: "tare da mutanen gari."

Da safe na kai wa kaka Cima.
Na buɗa hoton da yatsu biyu
har ya watse, ya koma tsabar gero.
Ta ce mayar da shi yadda yake.
Ba ta dubi baƙon ba, ba ta dubi hannun ba.
"Wannan igiyata ce," in ji ta,
"ni na tufka ta da kaba, kwana tara.
Ya ce aron yini guda."
Ta yi dariya har tari ya kama ta,
sannan ta kai bakin zane ga ido.

"Tambayi masu katin nan,
ko ana ƙara suna daga baya?"
Na duba ko'ina, ba wurin rubutu.
Katin na buɗe ƙofa ne, ba ya ba da alƙalami.

To, ga shi nan na ƙara:
Nomau ɗan Arzika, mahaƙin rijiya, yatsu huɗu.
Igiya kuwa ta Cima ce,
har yau ba a maido ba.